Taubashina da Ya Ƙi Ɗaga Hannu a Gwanjo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Taubashina ya tafi, ya bar ni a ƙasar Sin da baki cike da tsiya, babu wanda zan yi wa.

Ranar zaman makoki falon surukinsa bai ɗauke mu ba. Gidan yana can saman wani bene kusa da tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, garin da bakinmu ya mayar Gwanjo. Takalma suka cika matakala, har maƙwabta 'yan Sin sai sun tsallaka suke wucewa. 'Yan kasuwar Kano sun zo, na Maraɗi da Damagaram sun zo, ɗalibai sun zo da jakunkunansu a baya. Wata mata 'yar Sin mai shagon da ke jikin na surukinsa ta zo da lemo cike da leda, ta tsaya a bakin ƙofa. Aka koya mata ta ce "Allah ya jiƙansa", ta gwada, harshe ya ƙi. Sai ta ajiye lemon ta fashe da kuka. Wannan yaren kam kowa ya ji shi.

Ana cikin haka wani ɗalibi ya shigo a rikice, ya ce ya ji sanarwar rasuwar a rediyo, an ce tsohon minista ne, kuma tsohon shugaban wata jam'iyya na ƙasa baki ɗaya.

"Wai Baban shago ake nufi?" in ji shi. "Wanda muke musun ƙwallo da shi?"

Wani Bamaraɗe ya dafe kai. "Wallahi shekara da shekaru ina barin masa kayana ya tsare mini in je in yi alwala. Ashe minista nake sa gadi!"

Dariya ta kuɓuce wa mutane a tsakiyar makoki, aka bi ta da istigfari. Da mamacin yana nan, shi zai fi kowa ƙyaƙyatawa.

Da aka watse 'yarsa ta same ni ta ce, "Baffa, kai ka fi kowa saninsa. Ka rubuta wani abu, kada a manta da shi." Na ce mata, 'yar nan, ni fa a aji uku na bar makaranta, kuma ranar da na bari malaminmu sai da ya yi sadaka. Ta ce ta ji, in rubuta haka nan. To ga shi. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa, ni kuma ina ce masa ubangijin da ba ya ciyarwa. Ya yi boko har ƙasar Turawa, ni na yi nawa karatun a tashar mota. Ranar da na ji ya shiga jam'iyya, washegari na je na yanki katin jam'iyyar da ke adawa da tasa. Kada a tambaye ni manufarta, har ta mutu ban sani ba. Ni dai na samu abin tsokana.

Abin da ya kawo shi Gwanjo ciwo ne. Bayan rasuwar uwargidansa gwiwa ta fara ba shi wahala, zuciya ma ta shiga layi. 'Yarsa tana auren wani mai harkar takalma a titin Zhanxi, ta ɗauko shi ya ga likita ya koma. Komawar da bai yi ba ke nan. Ni kuma ɗana ne yake sarin jakunkuna a Shiling, ya kawo ni wai in riƙa duba masa ɗinki, alhali idona ko allurar ma ba ya gani. Haka Allah ya sake haɗa bawa da ubangijinsa a ƙarshen duniya. Ranar da muka fara haɗuwa na ce, "Ranka ya daɗe, duk faɗin duniya sai nan?" Ya ce, "Bawana, kayan da aka gama sawa ina ake kai su in ba gwanjo ba?"

Kullum da safe yakan bi surukinsa shago. Akwai kujera mai katifa guda ɗaya da aka saya dominsa, amma ya fi son zama a kan kwali, a tsakanin takalma, da flas ɗinsa na shayi a gefe. Kujerar ni na gaje ta tun yana raye. Ba ya iya zama hannu sake, sai ka gan shi yana zura igiya a takalmin samfur, ko yana haɗa ƙafar dama da ta hagu. Abin da ya fi ba shi nishaɗi a garin nan kalma ɗaya ce, lauban, wato maigida. 'Yan Sin kowa suke kira da ita, mai sayen kwantena lauban, mai sayen silifa ɗaya lauban. Ya ce, "Ka ga mutane masu hankali. Mu mun ƙare rayuwa muna fasa wa juna kai a kan wa za a kira shugaba, su sun raba wa kowa kyauta." Sai kalma ta biyu, meyo, wato babu. Yana son yadda suke faɗinta kai tsaye, ba kwana-kwana. Ya ce da 'yan siyasarmu sun iya faɗin babu, da an rage rabin rikici.

Ba ya fara labarin da, sai in kasuwa ta yi sanyi, kuma sai na tsokano shi. Ko a lokacin ma ba ya cewa "ina minista", sai dai "lokacin da muke aiki". Shi ya sa yaran nan suka ɗauka tsohon akawu ne. Yakan ce yaƙi ba ranar da aka ajiye bindiga yake ƙarewa ba. Ranar da maƙwabcinka da ya gudu ya dawo ya buga maka ƙofa, a nan ake sanin ya ƙare ko bai ƙare ba. Bayan yaƙin basasa yana cikin waɗanda aka ɗora wa aikin mayar wa mutanen da suka dawo gidajensu. Ku tambaye ni wa ya fara fitarwa.

Ni ne.

A lokacin ina zaune a wani gida mai ɗaki biyu da shago a gaba, na wani Ibo mai sayar da kayan keke da ya gudu lokacin rikici. Na yi fenti, na gyara rijiya, matata ta haihu a ciki. Rannan mai gidan ya dawo, ya rame kamar kara, shi da matarsa da ƙullin kaya ɗaya. Sai ga taubashina a motar gwamnati.

"Bawana, kwashe kayanka."

Na ce, "Duk gidajen garin nan ba ka ga na farawa ba sai nawa?"

Ya ce, "In ban fara da kai ba, da wane baki zan tsaya a ƙofar wani?"

Uwata ta kai ƙararsa wajen ubansa, uban ya ce yaro ya yi daidai. Na yi fushi, na daina gaishe shi. Amma fushin ya yi mini wuyar riƙewa, domin a gidansa nake yin sa. Ɗakin karatunsa ya kwashe ya ba mu, littattafansa suka koma zaure, har damina ta lalata wasu. Ina cin tuwonsa ina harararsa. Da wani ɗan kasuwa Ibo na titin Guangyuan ya ji wannan labari daga bakina, sai ya mayar da shi al'ada, duk wanda ya zo masa daga gida da goro, sai ya ɗebo ya kawo wa Baba. Ni da aka kora ko ɓari ɗaya bai taɓa miƙo mini ba.

Labarin da ba ya so shi ne na ɗaga hannu. Wanda ya san siyasarmu ya san abin: babba ya hau dandamali, ya kama hannun ɗan takara ya ɗaga sama, ya ce wa jama'a wannan nawa ne. Lokacin da jam'iyyarsu ta dare gida biyu, ya ɗaga hannun wani mutum, alhali dattawa sun ce ya dakata. Mutumin ya ci zaɓe. Da ya zauna daram sai ya saki 'yan banga a kan ɗaya ɓangaren, aka ƙone gidaje, har da na amininsa na ƙuruciya. Taubashina ya je ya yi masa magana, aka bar shi a benci tun hantsi har la'asar, daga baya aka ce mai girma ya fita ta ƙofar baya. Daga nan ya samo maganarsa da ba ya gajiya da ita: hannun da ka ɗaga, ba kai kake sauke shi ba. Sojoji ne suka sauke, suka kwashe su duka, na gwamnati da na adawa, suka zuba a ɗaki ɗaya a gidan yari. Ya ce a nan ya gane gabza ba ta da jam'iyya. Na ce ni dai ga ni ɗan adawa, amma ba a kama ni ba. Ya ce, "Wa zai ɓata ankwa a kanka?"

To ana nan, zaɓe ya matso a gida, waya ta fara yawa. Wasu 'yan siyasa suka tuna yana raye. Suna so ya dawo ya ɗaga hannun ɗan takararsu, wai sunansa har yanzu yana da nauyi a wajen tsofaffi. Na zaci zai ce meyo a take. Ina! Sai na ga mutum ya canza. Muryarsa ta koma ta dandamali, ya sa aka fito da babbar rigarsa daga akwati aka goge, ya fara tambayar ranakun tashin jirgi. Likita kuwa ya riga ya gaya wa 'yarsa zuciyar nan ba za ta ɗauki rana da turmutsitsi ba. Ta zo mini da hawaye.

"Baffa, ka hana shi. In ya tafi ba zai dawo ba."

Na ce, "Yaushe bawa ya hana ubangijinsa tafiya?" Amma na gwada. Na same shi na ce, kai da bakinka ka ce hannun da ka ɗaga ba kai kake saukewa ba. Ya daɗe yana juya wani takalmi a hannunsa, sannan ya ce, "Na sani. Amma bawana, ina so in ƙara jin an kira sunana a lasifika kafin in mutu. Kuma akwai maganar da nake so in gaya wa matasa. Laifi ne?" Na tashi na je na gaya wa 'yarsa na kasa.

Aka ce tawaga za ta zo ta same shi a gida da yamma. Su kuwa da suka sauka sai suka wuto shago kai tsaye da hantsi. Ranar Juma'a ce. Na sha babbar riga da hula, domin ni duk abin da na mallaka a jikina yake, ina hakimce a kan kujera mai katifa. Shi kuwa yana kan kwalinsa da 'yar jallabiya da silifa, yana zura igiya, sai an kusa salla zai je ya shirya. Surukinsa ya tafi sito. Kuma dole in faɗa, muna ɗan kama, hancin gidan kakanmu ne a fuskarmu duka.

Su uku suka shigo: ɗan takarar, da wani mai yi masa magana, da mai kyamara. Ko kallon kwali ba su yi ba. Suka zube a gabana.

"Ranka ya daɗe! Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya!"

Na saci kallon taubashina. Ya ɗan runtse ido ɗaya, ya ci gaba da igiyarsa. To, an ba mahaukaci sanda. Na gyara zama, na yi gyaran murya irin ta manya, na ce, "Lafiya lau, 'yan samari. Yaya kuka baro ƙasa?" Sannan na juya na ce, "Kai tsoho, zuba wa baƙi shayi."

Wallahi ya tashi. Da gwiwar nan tasa ya tashi, ya ɗauko flas, ya zuba musu, ya zuba mini. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa shan shayi mai daɗin wannan ba. Mai kyamara yana ta ƙyas-ƙyas. Mai magana ya shiga zuba yabo, ya ce sun taso suna jin tarihina, ya lissafo ayyukan da na yi wa ƙasa. Rabinsu na wani ne daban. Da ya zo faɗin sunan jam'iyyar da na shugabanta, sai ya faɗi tawa ta adawa. Na ce, "Madalla, ashe ana karatu."

Can sai tsohon kan kwali ya ce, a hankali, "In ya je, me kuke so ya gaya wa mutane?"

Mai magana ya waiga. "Baba, ba da kai ake ba."

Na ce, "Ku amsa masa, yarona ne, yakan yi tambaya mai ma'ana wani lokaci."

Ɗan takarar ya yi murmushi ya ce mini, "Ranka ya daɗe, ba sai ka wahalar da kanka da jawabi ba. Mota har gindin dandamali. Ka hau, ka ɗaga hannuna, a ɗauka, a buga a fasta. Shi ke nan."

Tsoho ya ce, "In kuma yana da magana fa? A kan yaran da ake ba ƙwaya da gora?"

"Wannan sai bayan zaɓe," in ji ɗan takara, ko juyawa bai yi ba. Ya matso ya miƙo mini hannu. "Ko mu gwada ɗaya a nan, Shugaba, a ga yadda zai fito?"

A nan wasa ya ƙare. Kujera na ara, suna na ara, amma wannan ba abin aro ba ne. Na maƙale hannuwana a cikin riga ina ta tarin ƙarya. Allah ya taimake ni sai ga surukinsa ya dawo. Ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban kwali.

"Baba, ashe baƙin naka sun iso."

Na so a ce mai kyamara ya ɗauki fuskokinsu a lokacin, amma shi ma bakinsa a buɗe yake. Suka rarrafa daga gabana zuwa gabansa, suna "tuba muke, ranka ya daɗe". Mai magana har yana neman kama masa ƙafa.

"Ku tashi," in ji shi. "Ba ku yi laifi ba. Lokacin da nake hawa dandamali ana goye da ku."

Muka tafi masallaci tare, daga nan ya kai su gidan abincin Musulmin Sin ya cika su da taliya da naman rago, ya tambayi iyayensu da garuruwansu, har ya gano ya san kakan mai kyamara. Sai da suka wanke hannu ya ce, "Akwai kalmar da na koya a garin nan. Meyo. Abin da kuka zo saya babu shi a shagon nan. Hannu kuke nema, kuma kun gani da idonku kowane hannu ma zai yi muku. Ga na bawana nan, in zai ba ku."

Na ce, "A'a, ni ɗan adawa ne."

Suka yi magiya, suka kawo sunayen manya, ya saurare su har suka gaji. Ya yi musu addu'a Allah ya ba ƙasa wanda ya fi alheri, ya raka su bakin titi ya tsayar musu da tasi.

Na ji tsoro bayan nan, kada wasana ya yi masa rauni. Kwana biyu ko musun ƙwallo ba ya yi. Rannan ya kira ni gida, na tarar da babbar rigar nan a ninke a kan gado.

"Ɗauka," ya ce. "Kai ta fi yi wa kyau, an ma shaida."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka yafe mini shayin nan."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Duk shekarun nan ina zaune a nan kamar mai jiran mota. Na zaci ana jirana a can. Ashe babu mai jira. Ka san daɗin wannan, bawana? Babu inda na makara."

Daga ranar barcinsa ya gyaru, 'yarsa ce ta faɗa. Maganar da ya so ya yi a lasifika sai ya riƙa yi wa ɗalibai a shago, ɗaya-ɗaya, a kan kofin shayi, yana ce musu duk wanda ya ba ka gora ya riga ya ɓoye ɗansa. Ya samu sabuwar sana'a kuma: da safe mukan je wani lambu inda tsofaffin 'yan Sin suke motsa jiki a hankali kamar masu iyo a cikin koko. Ya shiga bayan layi yana kwaikwayo, hannu sama, hannu ƙasa. Na ce, "Ashe dai an ɗaga." Ya ce, "Wannan ni nake saukewa."

Zaɓe ya zo ya wuce, aka sake damina, yana nan a kan kwalinsa. Ranar da zai tafi ya yi sallar azahar, ya ce zai ɗan kishingiɗa. Shi ke nan. Aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta garin, kamar yadda ya ce, ƙasar Allah ɗaya ce.

Bayan an yi sadakar bakwai sai ga waya daga Kano. Matata ce, tana kuka tana zagina a lokaci guda. Wai mutane sun cika mata gida da gaisuwa. Wata jarida ta buga labarin rasuwar tsohon shugaban jam'iyya, da babban hoto. Wani mai zuwa sari ya taho mini da ita. Na buɗe, sai ga ni, a kan kujera mai katifa, da babbar riga, da kofin shayi, na yi fuskar manya.

Saboda haka, jama'a, wanda ya ga wannan hoto ya sani ba shi ba ne. Ni ne, kuma ina nan da raina. Shi ya fi ni tsawo, ya fi ni haske kaɗan, yana da wushirya, da tabo a gira ta hagu inda na jefe shi da ƙwallon goriba muna yara. In zai yi dariya kafaɗunsa ne suke fara yi.

Amma kada ku yar da jaridar. Ku duba gefen hoton, can ƙasa ta dama. Akwai hannu riƙe da flas, yana zuba wa baƙo shayi. Wannan hannun nasa ne.

Allah ya jiƙan ubangijina da ba ya ciyarwa, wanda na ci tuwonsa har na tsufa. Allah ya haskaka kabarinsa a wannan ƙasa mai nisa, ya ba shi littafinsa a hannun dama. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.